Li Guang da Sarautar Hou: Nazari a Kan Dalilan da Suka Hana Wani Jarumin Ƙasar Sin Naɗi

1.0 Gabatarwa

A cikin harshen Sinanci akwai wata magana mai gaɓa huɗu wadda ta daɗe da zama karin magana, ma'anarta kuwa ita ce naɗi ya yi wa Li Guang wuya. Akan jefa ta ne idan aka ga mutum ya cancanta, ya kuma sha wahala, amma sakayya ta tsallake shi ta faɗa kan waɗanda ba su kai shi ba. Marubucin nan na daular Tang, Wang Bo, shi ne ya fito da maganar a cikin wani rubutu da ya yi game da benen Tengwang wajen shekarar 675 Miladiyya. Shi kuwa Li Guang mutum ne na haƙiƙa, sarkin yaƙi ne na daular Han wanda ya shiga aikin soja a shekarar 166 kafin Miladiyya (K.M.), ya bauta wa manyan sarakuna uku, wato Wen da Jing da Wu, ya kuma kashe kansa a shekarar 119 K.M. bayan shekara arba'in da bakwai yana fama da Xiongnu, makiyayan nan mahaya dawaki da ke arewacin ƙasar Sin. Abokan gabansa da kansu suka yi masa laƙabi da Janar Mai Tashi. Duk da haka bai taɓa samun sarautar hou ba, alhali ƙananan hafsoshi da dama sun same ta a kan idonsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba dalilan da suka jawo haka, ta hanyar bin ma'anar kalmomin da aka gina labarin a kansu da kuma abin da Sima Qian ya rubuta a babi na 109 na littafinsa Shiji, wanda shi ne tushen kusan duk abin da aka sani game da wannan jarumi. An bar sunaye bisa ƙa'idar rubutun pinyin, inda harafin x yake da furuci kusa da sh, q kuwa kusa da c na Hausa.

2.0 Ma'anar feng da hou

Kalmar da ake fassarawa da naɗi ita ce feng. Asalin ma'anarta tara ƙasa da dasa itace domin shata iyakar fili, daga nan ta yaɗu ta ƙunshi yanka wa mutum ƙasa tare da ba shi muƙami. Ita kuwa hou, ƙamusun Shuowen Jiezi na Xu Shen, wanda aka kammala wajen shekarar 100 Miladiyya, ya bayyana harafinta da cewa hoton ƙyallen da ake kafawa ne domin gwajin harbi, da kibiya a ƙarƙashinsa. Abin lura ke nan, domin mutumin da ya fi kowa suna a harbi a zamaninsa, shi ne sarauta mai wannan harafi ta gagara.

Daular Han ta gaji tsarin matakai ashirin na daraja daga daular Qin, tsarin da ya samo asali daga gyare-gyaren Shang Yang a ƙarni na huɗu K.M. Mataki na goma sha tara shi ne guannei hou, na ashirin kuma, wanda ya fi kowane, ana kiransa chehou. Da Sarki Wu ya hau gado, da yake sunansa na yanka Che ne, sai aka daina furta wannan gaɓa aka koma cewa tonghou ko liehou, irin dai alkunyar da ke hana Bahaushiya ambaton sunan ɗanta na fari. Mai wannan sarauta yana da yanki da adadin gidaje da aka ƙayyade masa waɗanda yake cin harajinsu, kuma ɗansa yana gadonsa. Nan ne ta bambanta da muƙamin aiki. Li Guang ya riƙe gwamnan larduna da dama na kan iyaka, ya riƙe manyan muƙamai a fada, ya yi fiye da shekara arba'in a kan babban matakin albashi, amma duk waɗannan riga ce ta aro, ranar da aka sauke mutum ko ya mutu sun ƙare.

Wanda ya kafa daular, Gaozu, ya yi alkawari da manyan mutanensa cewa ba za a ba kowa sarautar hou ba sai wanda ya yi wani aiki na cancanta. A fagen yaƙi kuwa cancanta tana da mizani, kuma mizanin lissafi ne: kawunan abokan gaba nawa aka saro, mutum nawa aka kamo, shin an kama wani babba daga cikinsu, sa'an nan a dubi asarar da runduna ta yi. Shiji yakan ce wane ya cika ƙa'ida, sai aka naɗa shi. Wannan mizani ba ya auna jaruntaka, ba ya auna ƙaunar da dakaru suke yi wa shugabansu, ba ya kuma auna harin da abokan gaba suka fasa kaiwa saboda tsoro. Galibin abin da ya sami Li Guang yana cikin wannan giɓi ne.

3.0 Shekarun tsaron iyaka

Li Guang mutumin Chengji ne a lardin Longxi, cikin Gansu ta yau, kuma harbi gado ne a gidansu. Ya shiga soja lokacin da Xiongnu suka kutso ta mashigar Xiao a 166 K.M. Sarki Wen ya ga bajintarsa, har ya nuna takaicin cewa bai zo a zamaninsa ba, domin da a lokacin Gaozu aka haife shi da sarauta mai gida dubu goma ba za ta yi masa wuya ba. Maganar tana da tushe. Tun farkon ƙarni na biyu K.M. daular Han take bin siyasar lallashi: tana aurar da 'ya'yan gidan sarauta ga shugaban Xiongnu, wanda ake kira chanyu, tana aika masa da siliki da hatsi da giya. A irin wannan yanayi aikin sarkin yaƙi shi ne ya tsare iyaka ya kori mahara, ba a tura manyan runduna cikin ƙasar abokan gaba balle a tara dubban kawuna. Ƙuruciyar Li Guang da ƙarfinsa duk sun ƙare ne a cikin wannan zamani.

Sau ɗaya dama ta zo masa a waɗannan shekaru, shi da kansa kuma ya ɓata ta. A 154 K.M. ƙasashe bakwai na 'ya'yan gidan sarauta suka yi tawaye, Li Guang ya bi babban kwamanda Zhou Yafu, ya ƙwace tutar 'yan tawaye a bakin garin Changyi, sunansa ya fito. Amma sai mai mulkin ƙasar Liang, ƙanen Sarki Jing, ya ba shi hatimin janar, shi kuwa ya karɓa. Wannan ƙane yana da burin gadon sarautar wansa, kuma yaƙin da ake yi ɗungurungum na karya ƙarfin irin waɗannan 'ya'yan sarki ne. Hafsan gwamnatin tsakiya ya karɓi hatimi daga hannun ɗayansu ba ƙaramin kuskure ba ne. Da aka koma gida ba a ba shi ladar komai ba.

Labaran da suka sa ya shahara yawancinsu na wannan fage ne na iyaka, kuma idan aka dube su da idon mai lissafi za a ga ba su da abin shigarwa a littafi. Wata rana ya fita da barade ɗari yana bin wasu maharba mikiya su uku, sai ya ci karo da dubban mahayan Xiongnu. Maimakon gudu sai ya umarci mutanensa su matsa kusa, su sauka su kwance sirada. Xiongnu suka zaci tarko ne, da dare ya raba suka janye. Ya tsirar da mutum ɗari ta hanyar dabara, amma kawunan da aka samu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Haka kuma lokacin da ya riƙe lardin Youbeiping a arewa maso gabas, Xiongnu sun yi shekaru ba su kuskura sun shiga yankin ba. Babu hidimar da ta fi wannan amfani ga manomin kan iyaka, sai dai inda abokan gaba ba su zo ba, babu kan da za a saro.

4.0 Fita biyar a zamanin Sarki Wu

Sarki Wu ya sauya siyasa, ya koma kai hari. Daga nan Li Guang ya shiga manyan fita guda biyar, kuma a cikinsu ne ya kamata a nemi amsar tambayar.

Ta farko ita ce kwanton ɓaunar Mayi a 133 K.M., inda chanyu ya farga ya juya, ba wanda ya sami komai. Ta biyu a 129 K.M. ce, lokacin Li Guang yana da shekara talatin da bakwai a bakin aiki. An tura janar huɗu, kowane da barade 10,000. Li Guang ya fita ta Yanmen ya haɗu da runduna mai yawa, aka fatattaki mutanensa, shi ma aka kama shi da rauni, aka shimfiɗe shi cikin raga tsakanin dawaki biyu. Ya yi kamar ya mutu, da ya ga wani yaro bisa doki mai kyau sai ya yi wuf ya haye, ya ƙwace bakansa, ya yi kudu yana harbin masu binsa. Labari ne mai daɗin ji, amma a gaban masu shari'a abin da ya bayyana shi ne ya yi asarar mutane da yawa kuma an kama shi da rai. Aka yanke masa hukuncin kisa, ya fanshi kansa da dukiya, ya koma talaka. A wannan fita ce Wei Qing ya kai har Longcheng, ya komo da kawuna ɗari bakwai, aka ba shi guannei hou.

An mayar da Li Guang bakin aiki daga baya. A 123 K.M. ya riƙe rundunar baya a ƙarƙashin Wei Qing. Hafsoshi da dama sun cika ƙa'ida an naɗa su, tasa rundunar ba ta sami komai ba. A wannan shekara ce Huo Qubing, saurayi ɗan ƙasa da shekara ashirin, ya yanke da barade 800 ya nausa can gaba, ya kashe ko ya kama mutum 2,028, nan take ya zama hou. A 121 K.M. kuma Li Guang ya fita daga Youbeiping da barade 4,000, Zhang Qian kuma ya bi wata hanya da 10,000 da niyyar su haɗu. Zhang Qian ya makara, barade 40,000 na Xiongnu suka yi wa Li Guang zobe. Ya jera mutanensa da'ira suna fuskantar waje, fiye da rabinsu suka mutu, kibau suka kusa ƙarewa, shi da kansa ya ɗauki wani babban baka mai kunama ya harbe hafsoshin abokan gaba da dama, ya riƙe fagen har kashegari da gudummawa ta iso. Da aka zo lissafi sai aka ce nasararsa da asararsa sun yi kunnen doki, saboda haka ba lada ba horo.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan wanda masoyan Li Guang ba su cika son ji ba. Sima Qian da kansa ya kwatanta shi da wani janar na zamaninsa, Cheng Bushi. Rundunar Li Guang ba ta tafiya cikin sahu, tana sauka duk inda ruwa da ciyawa suke, ba a kaɗa ƙarfen gadi da dare, an rage aikin takardu, sai dai yakan tura magewaya nesa. Dakaru suna son sa domin ba ya shan ruwa sai sun sha, ba ya ci sai sun ci. Cheng Bushi ya ce irin wannan sassauci yana da daɗi, amma idan aka afka wa runduna ba zato babu abin da zai tare. Haka kuma ɗabi'ar Li Guang ce ba ya sakin kibiya sai abokin gaba ya matso ƙwarai, abin da ya sha jefa shi da mutanensa cikin ƙunci. Wannan salo ya dace da mai gadin iyaka da ke jagorantar ɗaruruwa. Sabon yaƙin da Sarki Wu ya ɓullo da shi kuwa na dubun dubatar dawaki ne, da doguwar tafiya cikin hamada, da haɗuwar runduna a ranar da aka yanka, wanda ke bukatar tsari da guzuri da 'yan jagora fiye da ƙarfin dantsen shugaba.

Fita ta biyar ita ce ta 119 K.M., lokacin da aka ƙetare hamadar Gobi. Li Guang ya yi ta roƙo kafin a yarda ya tafi, aka ba shi rundunar gaba. Da Wei Qing ya sami labarin inda chanyu yake, sai ya ɗauke Li Guang daga gaba ya haɗa shi da rundunar dama ta Zhao Yiji, ya ce su bi hanyar gabas, mai zagaye da ƙarancin ruwa da ciyawa. Li Guang ya yi ƙorafi, ba a saurare shi ba, ya tashi cikin fushi ko sallama bai yi ba. Ba su da ɗan jagora, suka ɓata, ba su haɗu da babbar runduna ba sai bayan an gama yaƙi chanyu ya tsere. Da aka nemi a yi bayani a rubuce, ya ɗauki laifin a kansa ya wanke hafsoshinsa, ya ce ya yi karo da Xiongnu fiye da sau saba'in, ya haura shekara sittin, ba zai iya tsayawa gaban magatakarda suna yi masa tambayoyi ba. Ya zare wuƙa ya yanke wuyansa.

5.0 Alhaki, ƙaddara da 'yan fada

Tun Li Guang yana da rai aka fara neman dalili. Shi da kansa ya tambayi wani mai duba, Wang Shuo, wanda ya ce masa ya tuna ko akwai abin da yake nadama. Ya amsa cewa lokacin da yake gwamnan Longxi ya yaudari 'yan tawayen Qiang fiye da 800 suka miƙa wuya, sa'an nan ya kashe su duka a rana ɗaya. Mai duba ya ce alhakin wannan ne ya hana shi sarauta. A matsayin bayani na tarihi wannan ba ya tsayawa, amma yana nuna wani ɓangare na halin mutumin. Haka ma labarin jami'in tsaro na Baling, wanda ya tare shi da dare lokacin da yake sauke daga muƙami ya hana shi wucewa. Da aka naɗa Li Guang gwamnan Youbeiping sai ya nemi a haɗa shi da mutumin, suna isa ya sare masa kai. Sarki bai hukunta shi ba.

Dalili na biyu ya rataya ne a kan kalmomi biyu. Shiji ya ce Sarki Wu ya gargaɗi Wei Qing a asirce kada ya bar Li Guang ya fuskanci chanyu, saboda ya tsufa kuma shi shu ji ne. Harafi na biyu idan aka karanta shi qi yana nufin abin mamaki, idan aka karanta shi ji kuwa yana nufin mara, kishiyar cika, wato abin da ba shi da abokin haɗi. Harafi na farko shi ma yana da karatu biyu: shu, wato lamba ko rabon da aka ƙaddara wa mutum, da shuo, wato sau da yawa. Masu sharhi na dā sun saɓa a kan wanne ake nufi. Bisa karatu na farko, sarki yana cewa ne ƙaddarar mutumin mara ce. Bisa na biyu kuwa yana cewa ne ya sha yin rashin dace, wanda magana ce ta mai duba sakamakon fita huɗu da suka gabata. Adabi ya zaɓi karatu na farko, mawaƙan Tang irin su Wang Wei suka ɗauke shi, har ya rufe ɗayan. Ko ma wanne ne daidai, zaton ya haifar da abin da ake zato, domin wanda aka ɗauke daga gaba saboda ba shi da sa'a, an hana shi wurin da zai gwada sa'ar.

Dalili na uku shi ne son kai a fada, kuma yana da ƙamshin gaskiya. Wei Qing ɗan'uwan matar sarki ne, Huo Qubing kuma ɗan 'yar'uwarsu. A 124 K.M. an naɗa 'ya'yan Wei Qing uku hou suna ƙanana. An ba wasu manyan Xiongnu da suka sauya sheƙa sarautar, an kuma ba Gongsun Hong ita saboda ya zama waziri. Ashe ke nan gidan yana da ƙofofi na gefe, Li Guang ne dai ba shi da ko ɗaya sai ta fagen fama. Shiji ya kuma nuna cewa a 119 K.M. Wei Qing yana son ya buɗe wa amininsa Gongsun Ao hanya, wanda ya taɓa ceton ransa kuma bai daɗe da rasa sarautarsa ba. Sai dai bai kamata a zarce da wannan hujja ba. Li Cai, ɗan'uwan Li Guang wanda Sima Qian ya ɗauka mutum ne da halinsa bai kai matsakaici ba, ya bi Wei Qing a 124 K.M. ya cika ƙa'ida ya zama hou na Le'an. Ɗan Li Guang, wato Li Gan, ya bi Huo Qubing a 119 K.M. ya ƙwato ganga da tuta, aka ba shi guannei hou da gida 200. Ba gidan Li aka rufe wa ƙofa ba ke nan. Daɗin daɗawa, mizanin ya ciji Wei Qing shi ma: bayan yaƙin 119 K.M., duk da kawuna kimanin 19,000 da rundunarsa ta samu, Shiji ya ce ba a ƙara masa ƙasa ba, ba a kuma naɗa ko ɗaya daga hafsoshinsa hou ba, yayin da mutanen Huo Qubing, waɗanda suka kawo fiye da 70,000, suka kwashe naɗe-naɗen. Ko da an bar Li Guang a rundunar gaba, babu tabbacin zai samu, sai fa in ya kama chanyu da hannunsa.

6.0 Alƙalamin Sima Qian

Sima Qian ya ga Li Guang ido da ido, ya siffanta shi da mutum mai sauƙin kai kamar baƙauye, wanda ba ya iya doguwar magana. Yana kuma da alaƙa mai ciwo da gidan. A 99 K.M. jikan Li Guang, Li Ling, ya miƙa wuya ga Xiongnu bayan an yi masa zobe, Sima Qian ya kare shi a gaban Sarki Wu, abin da ya jawo masa hukuncin dandaƙa. Ba mamaki ke nan da babin Li Guang ya cika da hotuna masu rai, irin na kibiyar da ya harba ta nutse cikin dutse yana zaton damisa ce, alhali babin Wei Qing da Huo Qubing galibinsa jerin alƙaluma ne da umarnin sarki. Amma marubucin bai ɓoye kisan Qiang ba, bai ɓoye na Baling ba, bai kuma ƙirƙiro wa jaruminsa nasarar da bai yi ba. Duk hujjojin da ake kafawa a kan gazawar Li Guang daga wannan babi mai ƙaunarsa aka samo su.

Malaman ƙarnonin baya, waɗanda da yawansu sun faɗi jarrabawar shiga aikin gwamnati ko an tura su ƙauye, sun ga kansu a cikin wannan tsoho, shi ya sa karin maganar ta rayu. Gidan sarautar Tang, masu sunan Li, sun danganta asalinsu da zuriyarsa. A zamanin Sarki Huizong na daular Song kuma, fiye da shekara 1,200 bayan mutuwarsa, aka yi masa naɗin girmamawa da sarautar bo ta Huairou, wadda a jerin sarautun gargajiya na ƙasar Sin take mataki ɗaya a ƙasa da hou.